Yadda Ake Gano Buƙatun Majinyacin da Ciwonsa Ya Ƙi Jin Magani

Shiga wani gida a Mai Wurno ko ƙauyukan Hausawa na gefen Sinja, a jihar Sennar, ka tarar da dattijuwa kwance kan gadon angarib a inuwar rumfar rakuba, ciwon daji ya ci ƙarfinta. Ka ce, "Inna, ya jiki?" Amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ma'aikacin lafiyar da ya rubuta wannan amsa ya miƙe, ziyara kawai ya yi. Aikin yana farawa ne bayan "da sauƙi".

Da farko a gaisa da mutan gida, a sha shayin da aka kawo, a zauna daidai fuskarta. A roƙi maza su ba da wuri, musamman surukai, don ba za ta ambaci mama ko mara a gabansu ba.

Sai raɗaɗi. A ce, "Inna, ɗora hannu inda yake miki." Suka yake yi, ko zugi, ko ƙuna kamar garwashi? Yana hana barci? Daga nan a ɗaga mata hannu: dunƙule, babu ciwo, yatsa biyar, ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ko wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba nan take take ganewa. A rubuta adadin da kwanan wata, da shi za a san ko magani ya kama. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin raɗaɗi, kuma ciwon yatsa biyar sai matakin ƙoli, wato mofin. A tambayi duk abin da take sha, har jiƙo da rubutun malam, da sakin fuska. In aka yatsina yau, gobe a ɓoye.

A duba baki da harshe, a tambayi rabonta da bayan gida, a juya ta a ga ƙugu da diddige, inda gyambon kwanciya ke fara ja.

Tambayar da na fi ba muhimmanci gajeriya ce: "Inna, me ya fi damun ki?" Sai a yi shiru a jira. Wata bashi ne, wata auta ce da ba a aurar ba, wata ɗan da yaƙi ya raba ta da shi. Wata kuwa tsarki ne: fitsari na zubo mata, tana ganin sallarta ba ta karɓuwa, kuma maganin wannan malami ne ya zo ya yi mata bayani. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar cewa ciwon jiki da na zuciya da na aljihu da na imani a cuɗe suke. Idan dangi suka ce kada a faɗa wa majinyaciya irin ciwonta, a saurare su, amma ita ma a ji iyakar abin da take son sani.

Kada a fita ba a keɓe da mai jinya ba. Yaushe rabonta da barci? Wa ke ɗebo ruwa, wa ke biyan magani?

A ƙarshe a ware abubuwa biyu ko uku mafi matsi, a bar lambar waya, a sa ranar dawowa, domin buƙatar wannan mako ba ita ce ta makon gobe ba.

A 2010 Dakta Nahla Gafer ta fara irin wannan kulawa ta masu ciwon da ya ƙi jin magani a cibiyar ciwon daji ta Khartoum. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa Khartoum da Wad Madani, ita kanta Sinja ta faɗa hannun dakarun RSF daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba 2024, majinyata da dama suka koma ɗaka. Yuganda tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta mofin. Muna roƙon ma'aikatar lafiya ta jihar Sennar ta horar da namu, ta kawo maganin kusa da ƙauyuka.