Yadda ake sa muryar wayar intanet ta wuce ta bayan NAT

"Injiniya, ina jin su, su ba sa ji na." Duk wanda ya taɓa haɗa wayoyin intanet a ofisoshin ƙetaren Kogin Kaduna ya san wannan kuka. Ni na fara jin sa ne daga bakin wata Hajiya mai sayar da kayan gini: shago a Barnawa, sito a Kakuri, reshe a Sabon Tasha. Burinta ta danna lamba uku ta samu mai kula da sito, ba sai ta sa kati ba.

Farkon aikin ba ya cin rabin yini. A ɗora manhajar Asterisk a kan sabar, a yanka wa kowa lambarsa, 101, 102, 103, a zuba suna da kalmar sirri cikin wayoyin tebur, Yealink ne ko Grandstream. Fitila ta yi kore, waya ta yi ƙara. A nan sabon hannu ke naɗe kayansa ya karɓi kuɗi, washegari kuma a neme shi ruwa a jallo.

Adireshin IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, bai ishi duniya ba, shi ya sa tun 1994 aka fito da dabarar NAT. Ɗauke ta kamar gidan haya a Makera: ɗaki ashirin, ƙofa ɗaya, lamba ɗaya a bakin titi. Rautar ofis ita ce maigadi. Wanda ya aika saƙo waje, maigadi ya rubuta sunansa a littafi, idan amsa ta zo ya kai masa. Baƙon da ba a aika masa ba kuwa, ba ya wuce zaure.

To, wayar intanet hanya biyu take bi. SIP ne ke yin sallama da buga ƙararrawa ta kafa ta 5060, murya kuma tana tafiya daban ta RTP, wanda Asterisk ya saba ware wa kafa 10000 zuwa 20000. Wayar da ke Kakuri, cikin rashin sani, sai ta rubuta a cikin wasiƙarta cewa a aiko mata murya a 192.168.1.20. Wannan lambar ɗaki ce, ba lambar gida ba, kuma dubban ofisoshi na da irinta. Sabar ta yarda, ta yi ta watsa murya inda babu kowa.

Gwanintar duk a nan take. Sai ka hana sabar gaskata abin da ke rubuce cikin wasiƙa, ka sa ta duba ta inda wasiƙar ta shigo, ta mayar da amsa can. A saitin PJSIP na Asterisk layi uku ne ake mayarwa yes: rtp_symmetric, force_rport da rewrite_contact. Sannan ka kashe direct_media, domin idan ka bar wayar Barnawa da ta Sabon Tasha su yi wa juna magana kai tsaye, kowacce lambar ɗakinta za ta ba 'yar'uwarta. Idan ita ma sabar a bayan rauta take, dole ka gaya mata adireshinta na waje, ka kuma nuna mata waɗanne lambobi ne 'yan gida. Alamar an manta da wannan ba ta ɓuya: ana cikin magana lafiya lau, daidai daƙiƙa 32 kira ya yanke, don amsar tabbatarwa ta ɓata a hanya. Ina buɗe manhajar sngrep in bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau raina na yin fari duk lokacin da na hango 192.168 zaune inda bai kamata ba.

Wanda ya koya mini aiki tsohon ma'aikacin NITEL ne, daga cikin masu hawa falwaya da 'yar wayar gwaji rataye a ƙugu kafin GSM ta shigo a 2001. Bai taɓa yarda in taɓa saiti ba sai na saurari layin da kunnena na faɗi ɓangaren da ya yi shiru. Yaran da ke shigowa sana'ar yanzu, wasu daga Kaduna Poly, wasu daga shagunan gyaran kwamfuta, sun fi mu saurin hannu nesa ba kusa ba, amma ina roƙonsu su koyi wannan sauraren.

Saura maigadi. Rautoci da yawa na zuwa da wani abu wai SIP ALG, mai buɗe wasiƙa ya gyara adireshi da sunan taimako. Ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa, kashe shi. Kuma maigadin mantau ne, wata rautar daƙiƙa talatin kacal take riƙe suna a littafi. Shi ya sa waya ke iya kira amma ba a samunta. Sa sabar ta riƙa taɓa kowace waya duk bayan daƙiƙa 25, ƙofa ba za ta rufe ba.

A Kakuri na tarar da maigadi biyu. Intanet ɗin siton na layin waya ne, adireshin rautar na waje ya fara da 100.64, wato kamfanin sadarwa ma ya haɗa mu da ɗaruruwan mutane a ƙofa ɗaya. A irin wannan, buɗe kafa a rautarka aikin banza ne. Na haƙa rami da manhajar WireGuard daga sito zuwa sabar, wayoyin suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Wannan ya kuma ba ni damar toshe 5060 daga waje, don ɓarayin kira ba sa barci.

Kafin ka ce wa mai aiki an gama, yi kira ya haura minti biyu, kowa ya ji kowa. Ajiye wayar minti goma, sannan a kira ta daga wani reshe. Daga nan zare wa rauta wuta ka mayar, ka tsaya har fitila ta koma kore da kanta, domin a Kakuri ɗauke wuta zai yi maka wannan gwajin ko kana nan ko ba ka nan.