Darasi: Alli da Alƙalami a Hannu Ɗaya

Wata malama da muke koyarwa tare a nan unguwar Television ta tambaye ni: shin ya dace malamar Islamiyya ta riƙa rubuta ƙagaggun labarai na aljanu da tafiya duniyar wata, ga aji, ga miji, ga yara?

Abin ba sabo ba ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya je sararin samaniya. Mai karatu ya san ƙage ne, ba a yaudare shi ba. Abin dubawa shi ne tarbiyyar da ke ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Ni kaina na taɓa raba dare ina rubutu, washegari na shiga aji ban duba darasin Ahalari ba. Wata yarinya ta tambaye ni bambancin ƙabli da ba'adi, na yi ta kame-kame. Wallahi har yau kunyar ba ta sake ni ba. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu, littafi kuwa ba wanda ya ɗora mini shi.

Tun daga ranar na raba lokacin, da sanin maigida: shirin darasi bayan Isha'i, rubutu bayan Asuba, minti 40 kacal kafin in dama koko. Alhamis da Juma'a da babu makaranta sai in ƙara. Da shafi ɗaya a rana, cikin wata takwas na kammala littafina na farko.