Ciwon Dajin Huhu da Maƙwabtansa

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana bandar kifi a Haɗejiya, bai taɓa shan taba ba. An gano ciwon daji a huhunsa, aka ce ƙarin ya riga ya janye lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Ta yaya hakan ke faruwa?
Wata mai karatu, Haɗejiya

Amsa: 'Yata, Allah ya ba Baba lafiya.

Kin san kachala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa tsakaninku da Nguru. Ita ke gyara wa kanta mazauni: ta rage gudun ruwa, laka ta taru, ta sami inda za ta ƙara kafa saiwa. Ƙarin daji ma haka yake yi.

Ba ya wuce milimita biyu sai da jini, don haka yakan saki wani sinadari, VEGF, jijiyoyin kusa su miƙo masa rassa. Judah Folkman na Amurka ya kawo tushen wannan bayani a 1971, aka daɗe ana yi masa kallon mai mafarki. Ƙwayoyin da ke ɗinke rauni kuwa, ƙarin na ruɗarsu su ɗauka ciwo ne da bai warke ba, su yi ta saƙa masa tauri har magani ya sha wuyar ratsawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne garkuwar jiki. Wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu haɗiye ƙura a huhu sukan koma yi masa hidima. Masu zuwa kashe shi kuma ya tare su da wata alama, PD-L1, su yi sanyi. Binciken da ya buɗe hanyar warware irin wannan dabaibayi ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Maganin akwai, sai dai tsada.

Batun rashin shan tabar Baba kuwa: a 2023 masu bincike a Landan sun nuna cewa ƙurar hayaƙi mai laushi na kumbura huhu, kumburin ya ta da gurɓatattun ƙwayoyin da ke kwance. Hayaƙin itace na ɗauke da irin wannan ƙura.

Ki tambayi likitansa ko za a yi wa naman da aka ɗiba gwajin sauyin ƙwayar halitta ta EGFR, domin marasa shan taba sun fi samun wannan sauyi, kuma yana da maganin haɗiya. Abokan sana'ar Baba kuwa, wanda ya sha maganin tarin tibi bai ji sauƙi ba ya koma a sake duba ƙirjinsa.