Darasi Na Tara: Sauya Izinin Fayilolin Saiti a Manhajar Linux

A manhajar Linux, wadda ta gaji tsarinta daga Unix da aka soma ƙirƙira a Amurka a shekarar 1969, kowane fayil yana da masu hulɗa da shi kashi uku: mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a. Kowane kashi kuwa ana iya ba shi izinin karantawa, wanda lambarsa 4 ce, ko na rubutawa, wato 2, ko na aiwatarwa, wato 1. Idan aka ce izinin fayil 644 ne, ana nufin mai shi zai karanta ya kuma rubuta, sauran kuwa karatu kawai aka yarje musu. Fayilolin saiti, waɗanda ke tsara yadda kwamfuta za ta yi aiki, suna zaune ne a cikin jakar /etc, kuma tambayar wannan darasi ita ce: shin ya dace mai kula da kwamfuta ya sauya izinin da suka zo da shi?

Mu ɗauki /etc/passwd, mai ɗauke da sunayen masu amfani da na'urar. Ɗalibi zai iya ganin 644 a kansa ya ɗauka sakaci ne, ya mayar da shi 600. Nan take manhajoji da dama za su kasa gane sunan kowa, sai lambobi su riƙa bayyana a gurbin sunaye. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Gaskiya ne a dā kalmomin sirri, a ɓadde, suna cikin wannan fayil, har ma tsutsar Morris ta 1988 ta yi amfani da wannan kafa wajen cankar su. Amma yanzu suna cikin /etc/shadow, wanda a Debian izininsa 640 ne, babu rabon sauran jama'a a ciki.

Sassautawa ta fi wannan muni. Wanda ya gaji da ganin an hana shi rubutu ya sa 777 a kan /etc/sudoers, to, ya buɗe wa kowa ƙofar naɗa kansa shugaba. Shi ya sa manhajar sudo kan ƙi aiki ɗungurungum idan ta tarar da haka.

Inda sauyi ya wajaba shi ne inda mai kula da kansa ya shigar da sirri. Alal misali, kowa na iya karanta /etc/fstab, don haka ba a rubuta kalmar sirri a cikinsa. Sai a keɓe mata fayil dabam mai izinin 600, a yi nuni zuwa gare shi.

Aiki: Bayyana cikin Hausa abin da izinin 440 ke nufi, da wanda ya hana wa karatu.