Darasi: yadda ake zaɓen fizibil na tsohuwar mota

Har yanzu akwai tsofaffin motoci a garuruwanmu, irin su Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968. Wani ya gaji tasa, wani ya saya don ya tayar da ita. Ana gyara inji, a yi fenti, a ɗinke kujeru. Amma sau da yawa ana manta wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba. Shi ne fizibil, wanda wasu ke ce wa fis.

Mene ne aikinsa? Wuta tana fitowa daga batir, ta bi waya ta je ga fitilu da oda da sauransu. In roba ta goge, waya ta taɓa ƙarfen mota, sai wuta ta kwararo fiye da kima, waya ta yi zafi har ta kama. Cikin fizibil akwai siririn ƙarfe da aka yi shi don ya narke tun waya ba ta yi zafi ba. In ya narke, wuta ta yanke. Ke nan waya yake tsaro. Wayar motar da ta shekara 40 kuwa ta bushe, ba ta jure zafi kamar sabuwa.

Kowane fizibil yana da lamba. Lambar nan ita ce ƙarfin wutar da yake ɗauka, ana ce mata amper. Ga amfanin lissafin da muka koya. Batir na waɗannan motoci bolt 12 ne. A jikin kowane ƙwan fitila an rubuta wat nawa yake ci. Fitilun birki 2 ne, kowace wat 21, jimla 42. A raba 42 da 12, ya ba da 3 da rabi. Fizibil mai lamba 5 ya ishe su, in su kaɗai ke kan wayar. In akwai wasu abubuwa, sai a tara su duka. Mai littafin motarsa, ya bi lambar da ke ciki.

Kada launi ya ruɗe ku. Tsohon fizibil na tangaram mai tsini a kai biyu, ja amper 16 ne, rawaya 5. Na roba mai ƙafa biyu da ke cike kasuwa, ja 10 ne, rawaya kuwa 20. Yaro ya tafi kanti ya ce a ba shi rawaya, ya komo da 20 inda ake son 5! Ku karanta lamba da idonku.

Masu tsohuwar Land Rover ta Ingila su ƙara lura. Fizibil na gilashi na kamfanin Lucas, in an rubuta 35, wannan ita ce wutar da ke narkar da shi. Wadda yake ɗauka kullum ba ta wuce 17 ba. Wanda ya sa 35 na zamani a gurbinsa ya ninka ta sau biyu bai sani ba.

Mun san dabarar da ake yi kan hanya: fizibil ya ƙone da dare, direba ya naɗa takardar azurfa ta kwalin taba, ko guntun waya. Fitila ta kama, fasinjoji su yi murna. Amma wannan ba ya narkewa. Ranar da waya ta taɓa ƙarfe, hayaƙi zai taso daga ƙarƙashin sitiyari, ga mutane cike da mota, ga mai cikin tanki.

In kun sa sabo mai lamba daidai ya sake ƙonewa, kada ku ƙara lamba. Ku cire kan batir, ku bi wayar da hannu daga akwatin fizibil har inda ta ƙare. Ku duba sosai wurin da ta ratsa ramin ƙarfe, nan ta fi gogewa. Bakin da ke riƙe fizibil ma, in ya yi tsatsa, a kankare shi, a matse shi ya kama da kyau.