Batirin Motar Rimot Ya Ƙi Aiki? Ga Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Motar rimot takan taso da gudu, bayan minti biyu sai ta yi sanyi ta tsaya. Wani lokaci kuma ana jona batir a caja sai cajar ta yi ƙara ta ƙi karɓa. Mutane da yawa suna ganin haka sai su ce batir ya mutu, su sayi sabo. Amma batirin irin wannan mota ƙwayoyi ne da aka jera a haɗe, kuma ƙwaya ɗaya mai rauni ta isa ta durƙusar da sauran. Ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran waya ita ce ke nuna batirin da zai gyaru da wanda ya zama haɗari.

Da farko a san nau'in batirin

Nau'i biyu ne suka fi yawa. Akwai NiMH, wanda kowace ƙwayarsa ke da volt 1.2, shi ya sa mai ƙwaya shida ake rubuta masa 7.2V. Akwai kuma LiPo, ɗan uwan batirin wayar hannu, wanda ƙwayarsa ke da volt 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Rubutun 2S a jikinsa na nufin ƙwaya biyu, wato 7.4V, a cike 8.4V. Shi kuwa 3S ƙwaya uku ne, 11.1V, a cike 12.6V. Kowane nau'i da tsarin cajinsa. Cajin LiPo a kan tsarin NiMH yana iya tayar da gobara, domin cajar ba za ta tsaya a 4.2 ba.

A duba mahaɗa kafin a zargi batir

Sau da yawa laifin na bakin jonawa ne. Idan filogi ya yi baƙi, ko robarsa ta narke, ko dalmar da ta riƙe wayar wuta ta saki, motar za ta riƙa yankewa duk sanda ta daki rami. Tsohon filogi irin na Tamiya ya fi saurin zafi idan motar na jan wuta sosai, shi ya sa ake musanya shi da XT60 ko Deans. Wajen musanyawa a yanke waya ɗaya, a haɗa ta a rufe, sannan a taɓa ta biyun. Idan ja da baƙa suka haɗu, nan take za a ga tartsatsi.

A auna ƙwaya ɗaya bayan ɗaya

LiPo na motar rimot yana da ƙaramin farin filogi na biyu, wanda ta nan ake auna kowace ƙwaya daban. Idan an cika 2S aka ga ɗaya 4.20, ɗayar 4.19, lafiya lau. Idan kuwa aka ga 4.20 da 3.95, ga mai laifin nan. Tazarar da ta wuce 0.1 tana buƙatar cajin daidaitawa, tare da jona farin filogin a caja. In an yi haka sau biyu ko uku tazarar ta dawo, ƙwayar ta gaji.

Ƙwayar da ta sauka ƙasa da volt 3.0 ta sha wahala, kuma caja mai kyau takan ƙi karɓarta da gangan. Kada a yi mata dabara don tilasta ta. Rigakafin wannan shi ne kunna tsarin yanke wuta a na'urar sarrafa gudu da ake kira ESC, domin motar ta tsaya kafin batir ya zube.

NiMH ya fi haƙuri. Idan ya daɗe a ajiye yakan zubar da cajinsa, kuma caja takan ɗauka ya cika tun bai cika ba. A bar shi ya huce, a sake caji a hankali, a yi amfani da shi, a maimaita sau biyu ko uku. Yawanci ƙarfinsa yakan dawo.

Wanda ba ya gyaruwa

LiPo da ya kumbura, ko ya lotse, ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. Ba a huda shi, ba a danne shi, ba a sake caja shi, ba a kuma jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. A ajiye shi a waje cikin bokitin yashi, nesa da ɗaki, har a kai shi inda ake karɓar lalatattun kayan lantarki.

Domin batir ya daɗe, a caja shi daidai girmansa: mai 5000mAh kada ya wuce amp 5, sai in kamfanin ya rubuta cewa yana ɗaukar fiye da haka. A yi cajin a kan siminti, ba a kan katifa ba, kuma da mutum a kusa. Kada a bar shi cikin rana ko a rufaffiyar mota, musamman lokacin bazara. Idan zai yi kwanaki ba a taɓa shi ba, a bar kowace ƙwaya a wajen volt 3.8, domin ajiye shi a cike maƙil na daga cikin abubuwan da ke kumbura shi.