Wasiƙa zuwa ga matasan Krofrom: ku je ku nemo siririn mazari

'Ya'yana,

Kun taso kuna ganin rafin Subin da na Aboabo cike da leda da ruwan kwata, har wasunku sun ɗauka haka ruwa yake a ko'ina. Abin yana damuna ƙwarai. Shi ya sa nake roƙonku ku ware wata Asabar, ku fita neman wani ɗan ƙwaro, wato siririn mazari, domin ku ga ruwa mai tsabta.

Mazari iri biyu ne. Babban idan ya sauka, fukafukansa a buɗe suke. Siririn kuwa, jikinsa kamar tsinken tsintsiya, idanunsa nesa da juna, yawanci yakan haɗe fukafukansa a gadon baya. Mai ruwan lemon nan da ke shawagi a bakin kududdufi, shi kam kowa ya san shi. Wanda nake nufi masana na kiransa Sapho ciliata. Namijin yana da faffaɗan fukafukai masu duhu, da rana ta taɓa su sai su yi ƙyallin shuɗi. Rafin kurmi mai inuwa, mai gudu, shi ne gidansa, domin 'ya'yansa a cikin ruwa suke girma. In an sare itatuwan bakin rafi, ko galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta dama ruwan da laka kamar yadda ta yi wa kogin Offin, sai ya ƙaura.

Ku nufi kurmin Bobiri, kusa da Kubease, gaba da Ejisu, ko kuma Owabi. Ku isa da hantsi, lokacin da rana ke ratsa ganye. Ku nemi inda haske ya sauka a kan reshe a bakin ruwa, ku zauna shiru, kada inuwarku ta faɗa masa. In ya tashi kada ku bi shi, sau da yawa yakan dawo reshensa. Kada ku kama shi. Ku ɗauki hotonsa ta gefe, ku rubuta wuri da rana, ku sa a manhajar iNaturalist, masana su tabbatar.

Kada ku raina wannan aikin. A 2015 masanin mazari Dijkstra da abokan aikinsa biyu sun bayyana sababbin nau'o'in mazari 60 daga Afirka a lokaci guda. Akwai sauran aiki, kuma idon ɗan Zango ba ya kasa na kowa.

Ku nemi izinin iyaye, ku sa takalmi rufaffe saboda maciji, ku bi ɗan jagora, kuma ku tafi da ƙannenku mata su ma su gani. Allah Ya yi muku albarka.

Kawunku, daga Zango.